Maganin da Ba Ya Shiga Mota

Sai da mutum biyu suka tallafo shi ta baya kafin Kawu Direba ya iya hawa tirelarsa, kuma aka yi rashin sa'a manaja yana tsaye yana kallo. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce kamfani ba zai damƙa mota a hannun wanda kuloci ya gagare shi takawa ba. Ya ba shi hutu, ya ce in hutun ya ƙare gwiwar ba ta gyaru ba, ya kawo makulli. Kawu tun yana saurayi yake kan sitiyari, bai san wata rayuwa ba, don haka tsoro ya kama shi ƙwarai.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce guringuntsin gwiwar hagu ya zaizaye, aka tura shi sashen gashin ƙashi. Can ya tarar da likita, yarinya sa'ar 'yarsa ta biyu, mai wushirya da saurin murmushi. Ya gyara zama yana jiran allura mai zafi ko ƙwaya mai launi. Sai ta ce ya kwanta ya ɗaga ƙafa. Ta ce ya riƙa tafiya a ƙasa, ya riƙa tashi daga kujera ba dafawa, ya kuma rage tumbi.

"'Yata, ƙafar da ke ciwo ita za ki ce in ƙara wa aiki? Wannan ai wasan 'yan firamare ne."

Ta yi bayani, ya toshe kunne. Ta sake yi, ya ɗauki sandarsa. Har ya kai ƙofa ta kira shi, ta ce tunda ya ƙi nata, ta roƙe shi abu guda: kada ya kuskura ya je wurin wani tsoho mai magani da ke hawa na ƙarshe a dogon benen nan na bayan tasha, ƙofa mai shuɗin fenti. Ta ce su a asibiti ba su yarda da shi ba ko kaɗan.

Washegari da sassafe Kawu yana gindin benen. Ya hau yana nishi, yana tsayawa, yana tsine wa wanda ya gina shi. A sama ya tarar da dattijo a kan tabarma, ga kwalabe jere a bayansa. Ko gaisuwa ba su gama ba tsohon ya runtse ido ya ce, "Ta hagu ce. Kuma aikinka ne ke rawa."

Tsigar jikin Kawu ta tashi. Ina likitocin zamani, su zo su ga ilimi.

Maganin wani mai ne fari, ba shi da wari, amma ya fi sabuwar amarya sharuɗɗa. Ba ya shiga mota, in ya shiga ya karye, sai dai a zo da ƙafa. Ba ya kwana, don haka kullum sai an hau an karɓi na ranar a murfin kwalba. In an shafa, sai a kwanta rigingine a ɗaga ƙafar a miƙe domin man ya gangaro cikin gwiwa, ba a saukewa sai an ambaci sunayen 'ya'ya da jikoki kaf. Kawu kuwa Allah ya albarkace shi da zuriya. Bayan haka a zauna a kujera a tashi, a zauna a tashi, hannu a ƙirji, don a farkar da maganin. Sannan ba ya jituwa da lemon kwalba da cin ƙari.

Mutumin da matarsa ta gaji da roƙonsa ya taka zuwa bakin titi, shi ne yanzu yake riga masu shago fita. In ta yi dariyar ganinsa kwance ƙafa a sama yana kiran sunayen jikoki, sai ya ce ta yi a hankali, abin ba na wasa ba ne. A matattakalar benen ya saba da wasu masu sanduna irinsa, kowa yana rantsuwa cewa asibiti ɓata lokaci ne.

Makon farko gwiwar ta yi tsami, tsohon ya ce ciwon ne ke tattara kayansa. Sannu a hankali nishin ya ragu. Wando ya fara zamewa. Wata rana Kawu ya kai hawa na ƙarshe sannan ya tuna ya baro sandarsa a gida. Gwiwar ba ta koma ta saurayi ba, tana ƙara in ya durƙusa, amma ranar da hutu ya ƙare ya kama ƙarfen ƙofar tirela ya haye da kansa, ya taka kuloci har ƙasa. Manaja ya ce ya riƙe makullinsa. Kawu ya yi murna har idonsa ya kawo ruwa.

Saura abu ɗaya ya rage masa. Ya shirya ya tafi sashen gashi, a ƙasa, don maganin yana jikinsa. Ya zauna a gaban likitar ya tashi ba dafawa, ya sake yi don ta gani da kyau. Ya ce mata tsohon da ta raina shi ya yi wannan, ya ba ta shawara ta rage girman kai ta je ta nemi ilimi wurin manya. Ta sunkuyar da kai ta ce ta gode, za ta gyara. Ya fita yana taku ɗai-ɗai, yana jin tausayinta.

Ta jira har takunsa ya ɓace, sannan ta ɗauki waya.

"Baba, direbanka ya warke. Gobe wasu masu taurin kai za su hawo, ɗaya ciwon kafaɗa ne, ka biyo ta gida da yamma in koya maka sharuɗɗansa."