Gaisuwa Tara

Tayoyin ƙaramin jirgin suka ƙi fitowa. Matuƙin ya shiga kewaya saman Gaya don mai ya ƙare kafin ya sauka.

A ƙasa, mahaifiyarsa ta bar shanyar shinkafa tana kaɗa mayafi. Ya saba kewaya gidansu sau ɗaya in zai wuce.

"Ku fito ku ga ɗana!" ta ƙwala wa maƙwabta kira. "Yau sau tara ya gaishe ni!"

Jirgin ya sauka da ciki a fadamar bakin kogi. Fasinjoji shida suka fito da ƙafarsu. Shi kam a lulluɓe aka ɗauko shi.

Da dattawa suka yi sallama, ta tarbe su da dariya.

"Ku ma kun ƙirga?"