Hayaƙin Banda

Gumsu tana ƙara wa kifinta hayaƙi saboda ƙwari, sai ga wata mota ta tsaya a bakin kasuwar kifi ta Hanyar Baga. Mutanen Ikko ne suka fito da wata na'ura mai ƙafa uku. Kan ka ce kwabo labari ya zaga rumfuna: ma'aikatan talabijin na ƙasa ne. Duk Yerwa babu mai akwatin, hoton ma ba ya isowa nan. Amma Nasidi direba, mai kai banda kudu, ya rantse ya gani da idonsa, kana zaune a Ikko ka ga mutum cikin akwati yana magana.

Da jin Ikko gaban Gumsu ya faɗi, domin can ake cewa ɗanta Ajimi yake.

Shi kaɗai Allah ya ba ta. Yaro ne da in ya ɗauki littafin Turanci malamai kan yi tsit, karatu ba gargada, murya kamar ta babban mutum. Ranar da ta kai masa abinci makarantar midil, ya ce mata a gaban abokansa ta tsaya daga nesa, ƙarnin kifi take yi. Ta kwaɗa masa mari. Yana gama makaranta ya hau motar Nasidi ya bar gari, daga nan ko saƙon baki. Shekaru suka tura, ita kuwa har yau hannunta take zargi, ba bakinsa ba. Uwa ke nan.

Shugaban baƙin, wani mai suna Wilson, yana ta ƙorafi da Hausarsa ta bariki, wai zazzaɓi ya kwantar da abokin aikinsa a masauki, shi da kayan aikinsa. Gumsu ba zazzaɓin wani ya kawo ta ba. Ta ratsa taro ta tsaya a gabansa.

"Ɗana yana Ikko. In na yi magana a nan, zai gan ni?"

Wilson ya dube ta, ya dubi hayaƙin da ke tashi a bayanta, idonsa ya yi haske.

"Mama, mu ɗauka ce tamu. Can ofis wani ya yanka, wani ya rubuta, wani ya karanta yana kallon hoton. Amma za a gan ki. Matsa kusa da wuta."

Ta matsa. Ta kira sunan Ajimi, ta roƙe shi gafarar marin nan da Barbarci, ta sake da Hausa don kada wata kalma ta ɓace a hanya. Matar da ko a mutuwar mijinta ba a ga hawayenta ba, ta yi kuka a gaban kasuwa kaf. Wilson kuwa sai juya hannu yake yi, alamar ta ƙara.

Tun ranar ta share ɗakin Ajimi ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Kifi mafi kyau ta ware ta hana sayarwa. Matan rumfa suka sa mata suna Uwar Akwati, ba ta kula su ba, kunnenta yana ga kowace mota da ta tsaya.

Bayan damina Nasidi ya dawo daga kudu. Mutumin da kullum rumfarta ce zangonsa na farko, sai ga shi yana kewaye ta. Ta tare shi a gindin mota.

"Na gan ki, Ya Gumsu," ya ce, idonsa a ƙasa. "A wani otal. Fuskarki ta cika akwatin."

"Ka ji abin da na ce?"

"Bakinki dai yana motsi. Ashe na'urar nan hoto kaɗai take ɗauka, ta maganar tana wurin abokin aikinsu da zazzaɓi ya kwantar. Kiɗa suka sa, wani ya yi bayani da Turanci. Ya ce hayaƙin banda ne ke sa matan kasuwa hawaye, amma sun saba, suna jin daɗin sana'arsu. Mutanen otal har da dariya."

Gumsu ta daure.

"Ba komai. Ko ba murya, ɗa ba ya ɓata fuskar uwarsa. In ya gani zai zo. Shi kuwa wanda ya karanta ƙarya a kan hawayena, Allah ya isa! Kada ya ga albarka duniya da lahira!"

"Subhanallahi! Janye, Ya Gumsu, don Allah janye!"

"In janye don me? Ka san shi ne?"

Nasidi ya cire hula ya share gumi.

"Daga farko har ƙarshe ya karanta yana kallonki, ba gargada. Ai kin san karatun Ajimi."