Kwanon Sulhu

Da la'asar ne matar Malam Sule maƙwabcinmu ta aiko da kwano a rufe. Ƙamshin nama da daddawa ya cika tsakar gida, na kuma san ko naman wace ce.

Akuyata ce, wadda kakata ta ba ni. Ni na kwance ta daga turke don kukanta ya ishe ni, ta tafi fadama ta cinye irin tumatir ɗin da Malam Sule ya yi wata yana raino. Mai unguwa ya ce maƙwabci ba ya kai maƙwabci kotu, a ba Malam Sule akuyar, magana ta mutu.

Baba ya buɗe kwanon, ya turo gabana.

"Ci. In ya koma da nama, cewa za a yi ba mu karɓi sulhu ba."

Inna ta shige ɗaki. Ya tsaya a kaina har na suɗe kwanon, sannan ya ce in wanke in mayar, in yi godiya.

Har Baba ya rasu kafaɗa da kafaɗa suke sallah da Malam Sule. Ni kuwa har yau, in na ji an ce an sasanta, sai in duba wa aka tura wa kwanon.