Rabin Ƙwayar Darlene

Shekara talatin da ɗoriya Vernon Pruitt ya yi yana aiki a masana'antar gilashi a garin Zanesville, kuma duk tsawon lokacin nan inshora ɗaya ce ta ɗauke shi da matarsa Darlene. Kati ɗaya, sunansa a sama, nata a ƙasa. Da ya yi ritaya aka ce masa yanzu sun koma inshorar tsofaffi, kuma ta magani kowa shi zai zaɓi tasa kafin a rufe zaɓi a watan Disamba. Vernon ya ɗauki zancen a matsayin neman wahalar da mutane kawai.

"Ana duba wa mutane inshorar da ta dace da su kyauta a laburare ranar Talata," in ji Darlene, tana shafa wa burodi bota. "Wai kowa ya zuba kwalaben maganinsa a leda ya je da su."

"In ɗauki leda ina ƙaraurau a titi kamar mai tsintar gwangwani? Haba tsohuwa. Ni nake cike takardun gidan nan tun kafin kanki ya yi furfura."

"Ai kai ka sa min furfurar."

Ba su je ba. Washegari Vernon ya haɗu da abokinsa Merle a gidan shan kofi, Merle kuwa bakinsa ba ya gajiya. Ya ce shi tasa inshorar ta fi kowace araha a jihar Ohio, maganin hawan jininsa ko sisi ba ya biya. To, shi ma Vernon hawan jinin ne kaɗai ke damunsa. Kafin azahar ya buga waya ya shigar da kansa, ya miƙa wa Darlene ta ce ta amince, ya shigar da ita. Ko sunan maganinta bai ambata ba, alhali zuciyarta ba ta bugawa daidai, kuma ƙwayar da take sha safe da yamma ita ke hana jini daskare mata.

A watan Janairu ya kai ta kantin magani, ya zauna a mota yana sauraren wasan ƙwallo a rediyo. Ta gilashi yana hango ta tsaye gaban mai ba da magani, an daɗe ana magana.

"Me ya tsayar da ke haka?" ya tambaya da ta shigo.

"Hira."

"Katin ya yi aiki dai ko?"

"Ya yi," ta ce, tana kallon dusar ƙanƙara a bakin titi.

"Ba na faɗa miki ba? Merle wawa ne, amma ya san araha."

Daga lokacin, kowace safiyar Litinin yana jin wani ɗan ƙwas-ƙwas daga kicin, ƙarar wuƙa a kan katako. Bai taɓa leƙawa ba. Ya zaci tuffa take yankawa.

Wata safiya a watan Afrilu kofi ya suɓuce daga hannunta. Ta buɗe baki za ta ce wani abu, bakin ya karkace, ta sulale a jikin firiji.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, jini ne ya daskare ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. "Tana shan maganinta kuwa?"

"Kullum," in ji Vernon. "A kan idona."

Aka ce ya je ya kawo duk abin da take sha. A gida ya buɗe ɗan akwatin robarta mai gida-gida, Litinin zuwa Lahadi, safe da yamma. Kowane gida rabin ƙwaya ne a ciki, an yanka shi tsaf. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Sannan ya rufe akwatin, ya share fasasshen kofin da ke ƙasa, ya wuce kantin magani.

Matar kantin ba ta ɓoye masa komai ba. "Tsarin da kuka shiga bai ɗauki wannan maganin ba, ranka ya daɗe. Daga aljihunta take biya, kuɗin wata guda ya fi na cefanenku. Na ce ta yi wa likitanta magana ya nemi a sassauta mata, ko ya canza mata wani. Na ga dai kwalbar wata ɗaya tana kai ta wata biyu."

"Ba ta faɗa min ba."

"Ta ce kai ka zaɓa, kuma kana jin daɗin ka yi dabara. Wai za ta lallaɓa zuwa Oktoba a sake buɗe zaɓi."

Vernon ya ce ya gode. Ya shiga mota ya zauna, hannu a kan sitiyari. Bai yi kuka ba. Ya jira kukan ya zo, bai zo ba, sai ya tayar da mota.

Darlene ta dawo gida a keken guragu, hannun dama a mace, magana ta tafi. Merle ya zo dubiya sau ɗaya, ya bar miya a kwano ya tafi. Yanzu Vernon ne ke kula da akwatin robar.

Safiyar farko ya ɗora mata ƙwaya guda cikakkiya a tafin hannun hagu, ya riƙe mata ruwa. Ta kalli ƙwayar, ta kalle shi. A hankali ta tura masa ita a kan tebur, ta nuna wuƙar da ke gefen katako.

"Sha duka, tsohuwa," ya ce. "An biya."

Ta girgiza kai, ta sake nuna wuƙar.

Mai karatu, inshorar maganin da ta dace da abokinka, ko da mijinki, ba lallai ta dace da ciwonka ba. Kafin ka zaɓa, tattara magungunanka ka tambaya ɗaya bayan ɗaya ko an ɗauke su, kuma in magani ya fi ƙarfin aljihu a faɗa wa likita, kada a raba ƙwaya a ɓoye.