Tekun Kyaftin Bashari

Bashari na goge takalminsa karo na biyu lokacin da Idrisu, abokin zamansa, ya turo ƙofa.

"Kyaftin, ashe Juma'a za a kwashe mana kai?"

Haka ne. Madam, matar kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, da ke unguwar Nasiriyya a Riyad, ta koyi tuƙi, ta sayi 'yar motarta, ta gano cewa ba ta buƙatar direba mai furfura. Furfura fa! Gashi uku ne kacal, su ma a bayan kunne. An dai buga masa huruj, fitar da ba dawowa. Ranar Juma'a zai tafi Kano, kuma ranar ce zai fara taka jirgin sama a rayuwarsa.

Ba korar ce ta hana shi sukuni ba. Teku ne. Yana so ya hau ruwa sau ɗaya kafin a fitar da shi, ga shi Riyad ko kududdufin kirki babu.

Duk unguwarsu ta Manfuha an san shi da wannan cutar. Kowace shekara idan hutu ya zo, direbobi masu hankali su tafi Umara, shi kuwa ya wanke farar shaddarsa, ya yi wanka da turare, ya hau bas zuwa Jidda, ya ɗauki shatar kwalekwale shi kaɗai. Ya dawo ya cika wa mutane kunne: igiyar ruwa kamar bene, Baturiyar da ta roƙe shi hoto ya ƙi. Hoto dai ba wanda ya taɓa gani. Wai waya ba ta iya ɗauko kyansa yadda yake. Kifi ma ba ya ci, wai akwai kunya a tsakaninsu.

"To ka je Dammam mana," in ji Idrisu. "Ka tafi da safe ka dawo da yamma."

"Dammam? Ni Bashari? Wannan ai tekun 'yan koyo ne. Ka raina ni, Idrisu, amma na yafe, tunda ba ka taɓa hawa ruwan da ya wuce na bokiti ba."

Ya yi dariya, Idrisu ya taya shi. Sai dai hannun Bashari bai daina goga takalmin ba, alhali tuni ya yi ƙyalli.

Matsalar ita ce Madam. Ta ce zai yi aiki har yammacin Alhamis, akwai kayan bikin ƙanwarta da za a yi ta jigila. Ya roƙa ta ƙi. Ya tuna mata shekarun da ya yi yana kai 'ya'yanta makaranta, ta ce ai an biya shi.

Ranar Talata ya iso gidan da safe yana sosa wuya. Ya sosa hannu, ya sosa ƙeya. Da Madam ta fito rungume da jikanta, ya matso kusa cikin ladabi, ya ce kada ta damu, Idrisu ne ke kwance da ƙarambau, amma shi bai ji komai ba tukuna, sai ɗan ƙaiƙayi.

"Yalla, ruh! Tafi!" Ta ja da baya, ta ce ya ajiye makullin a ƙasa.

Idrisu, wanda lafiyarsa ƙalau, ya rantse sai Allah ya saka masa. Duk da haka shi ya raka shi tasha.

Bas ta yini tana ratsa rairayi. Bashari bai yi wa kowa labari a hanya ba, abin da ba halinsa ba. Ya zauna a miƙe don kada shaddar ta yamutse.

Washegari ya tarar da iska a bakin ruwan Jidda. Masu kwalekwale duk sun ɗaure, kowa ya tambaya sai ya ce bukura, gobe. Gobe kuwa dole yana cikin bas, in ba haka ba jirgi ya tashi ya bar shi da takardar da ta mutu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, murya na raguwa, har ya kai ga wani tsoho ɗan Yaman da ya saba ɗaukarsa. Tsohon ya dubi sama, ya dubi Bashari.

"Na ƙarshe ne," in ji Bashari.

Tsohon ya kwance igiya.

Kyaftin ɗin Manfuha bai iya iyo ba. Ya ƙanƙame gefen kwalekwalen da hannu biyu, ruwan gishiri na jiƙa shaddar da ya yini yana lallaɓawa. Bai ce a koma ba. Da benayen Jidda suka ƙanƙance a baya, tsohon ya kashe rediyo, ya kashe inji, ba tare da an ce masa ba.

Bashari ya cire takalmi. Ya gyara hula. Ya durƙusa yana fuskantar yamma, inda ba a ganin komai sai ruwa.

"Assalamu alaikum," ya ce, muryarsa ba irin wadda aka sani a Manfuha ba. "Ni ne. Sallama na zo. Sun ce in tafi gida, kuma can babu hanyar zuwa nan. Ban san wanda zai riƙa zuwa ba."

Ya tsaya kamar mai jiran amsa. Sannan ya ɗaga hannu, tsohon ma ya ɗaga nasa, suka shafa tare.

A cikin wannan ruwan ne, shekarun baya, aka zura gawar matarsa Safiyatu daga ƙaramin jirgin ruwan da ya satar musu hanya daga Sawakin da ke wancan hayin tekun, bayan ta rasu a hanya, don mai jirgin ya rantse ba zai isa gaɓa da gawa ba.