Sajen da Ya Goge wa Bindiga Kaushi

Kai da ka ce aikin nan bai cika maka ido ba sai ka ƙara masa ado, ajiye shi tukuna ka ji misalin wani saje.

An yi wani sajen 'yan sanda a wani gari, dattijo ne da ya kusa ritaya, kuma duk barikin an san shi da son ƙyalli. Takalminsa kana iya duba haƙoranka a jiki, maɓallan rigarsa kuwa in rana ta doke su sai ka kare ido. A wurinsa duk abin da ba ya sheƙi, mai shi malalaci ne. Ana nan sai aka karɓe tsofaffin bindigoginsu na ƙarfe, aka raba musu wasu ƙanana irin na zamani, samansu ƙarfe amma gangar jikin da mariƙin duk roba, baƙa dusu-dusu, ga ta sakayau a hannu kamar abin wasan yara. Mai kula da ɗakin makamai ya tara su ya yi musu bayani: a fara cire harsashi a tabbatar ba kome a ciki, a share bututun da ɗan burushi, a goge datti da busasshen tsumma, a ɗiga mai kaɗan inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, ita kuwa robar a bar ta yadda take. Saje ya gyaɗa kai, amma a ransa cewa ya yi lalacin yaran zamani ne aka sa wa riga.

Ba a jima ba sai ga labari cewa wani babban jami'i zai zo duba fareti, kuma a cikin sajoji zai zaɓi wanda za a ƙara wa girma ya zama sufeto. Saje ya daɗe yana jiran wannan rana, ya kuma san in ta wuce shi ba wata. Ana gobe fareti, da hantsi ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya cire harsasai, don wannan kam bai taɓa wasa da shi ba, sannan ya shafa mariƙin bindigar ya ji kaushi kamar diddigen manomi. Bai san da gangan maƙeranta suka yi kaushin nan ba, don ko hannu ya yi gumi ya riƙe ta gam. Shi a ganinsa sauri suka yi suka bar aiki rabi. Ya aro dutsen goge ƙafa na matarsa, ya duƙufa yana gurzawa yana hurewa, har mariƙin ya yi sumul kamar goshin jariri. Ya shafa man takalmi, bai gamsu ba. Ya ƙara basilin, da saura. Ƙarshe ya shiga madafa ya ɗebo man gyaɗar da ake suyar ƙosai da shi, ya tuttula ciki da waje har yana tsiyaya ta baki. Matar ta leƙo ta ce, "Maigida, soya ta za a yi ne, in hura wuta?" Ya ce ta kula da tukunyarta, aikin hukuma ba a yi masa shisshigi. Ya ɗaga bindiga a rana, ta yi wal, ya yi murmushi ya zura ta a kube.

Ranar fareti aka jeru a filin yashi, kowa da bindigarsa ba harsashi, jami'in yana bin layi yana dubawa. Da ya iso kan Saje ya kalli takalmin nan ya jinjina kai, Saje ya ji ransa fari fat, har ya fara tunanin telan da zai ɗinka masa sabuwar riga. Jami'in ya ce ya nuna makaminsa. Saje ya kai hannu da zafin nama ya fizgo, sai bindiga ta suɓuce, fit, ta yi sama. Ya cafe da hagu, ta zille. Ya tare ta da ƙirji, ta zana masa mai tun daga aljihu har ɗamara, ta sulale ta faɗi tim a gaban jami'in. Ya duƙa ya ɗauka, ta sake tsalle ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Duk layin kowa ya cije leɓe, kafaɗu sai rawa suke. Jami'in da kansa ya sa hankici ya ɗauke ta, ya ja samanta baya don ya leƙa ciki, ta ƙi motsi, yashi da mai sun cakuɗe sun zama kamar tunkuza. Yana cikin kokawa da ita sai ga kiyashi suna fitowa daga gidan harsashi a jere, su ma kamar faretin suka zo. Ya kai ta hanci ya shinshina, ya dubi Saje sama da ƙasa, ya ce, "Saje, bindiga muka ba ka ko tarwaɗa? In ɗan fashi ya tare ka, da ƙamshin ƙosai za ka kama shi?" Nan fa dariyar da aka danne ta ɓalle, har mai busa ƙaho sai da ya zauna a ƙasa.

Muƙamin dai wani saje aka ba, wanda bindigarsa take nan dusu-dusu yadda aka ƙero ta. Kaushin da aka gurje kuwa ba ya dawowa, don haka aka mayar da ta Saje ɗakin makamai, ba ta sake fita aiki ba. Shi kuma aka miƙa masa kulki, aka tsayar da shi bakin ƙofa yana buɗe wa motoci har ranar da ya tuɓe kaki, kuma duk direban da zai wuce sai ya leƙo ya ce, "Sannu da aiki, Saje Tarwaɗa."

To ka ji. Abin da aka ce ka share, share shi ka tsaya nan. Ai Hausawa sun faɗa tuni: garin neman gira, an rasa ido.