Ranar Da Mamuda Ya Kasa Cin Tuwon Inno

Tun da aka fara aikin sabon titi a Kazaure, Mamuda direban tifa ba ya cin abincin rana sai a rumfar Inno, inda 'yarta Dela ke zuba tuwo. Kwatsam ya ɗauke ƙafa. Labari ya riƙa iske Dela: an gan shi a shagon Dorkas mai shinkafa, an gan shi wajen mai tsiren tasha. Kullum sai ta ware masa ƙashin da yake so, ya huce a tukunya.

Yau ya shigo, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inno. Dela ta dire masa tuwon dawa da miyar kuka, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ya ƙi wanke hannu.

"Ko shinkafar Dorkas ce ta ɓata maka baki?" ta ce.

"Na zaga garin nan kaf, Dela. Ba inda na ƙoshi."

"To, ci mana."

Ya saci kallon Inno, ya sunkuyar da kai. "Kawuna zai je wajen baffanki ya nema mini aurenki. Da wane ido zan ci abinci a gaban surukata?"

Dela ta tsaya da ludayi a hannu. Inno ta juya baya, ta shiga gyara wutar da ke ci lafiya lau.

Can Dela ta rufe kwanon da faifai, ta ɗauka.

"Akwai inuwa a bayan rumfa," ta ce a hankali. "Taso, kada ya huce."